Kamfani Ba Shi da Jini

Akwai mutanen da Allah yake ba kaifin ƙwaƙwalwa, sai ƙwaƙwalwar ta zame musu abin halaka. Barista yana cikinsu. Tun yana da takalmi ƙafa ɗaya tak, wanda yake gogewa da tsumma a ƙofar kotu kafin ya shiga, bai taɓa yarda akwai wanda ya fi shi wayo ba. In ka ba shi yarjejeniya, kafin ka gama shan ruwa ya gano inda ta yi ɓaraka.

Ya daɗe yana aiki a wani babban ofishin lauyoyi, ƙarƙashin wani dattijo da kowa yake kira Oga. Shi ke tono hujja, shi ke rubuta jawabi, ranar shari'a kuma Oga ya ɗora hular gashi ya miƙe ya karanta, a yaba wa Oga. Duk ƙarshen shekara Oga zai dafa kafaɗarsa ya ce, "Ƙara haƙuri, ɗana, sunanka na nan tafe kan allon ƙofa." Allon nan har fentinsa ya koɗe ba a ƙara masa ko harafi ba.

Ana cikin haka wani ƙaramin kamfani ya neme shi ya zama lauyansu na cikin gida. Matarsa, malamar makaranta ce mai sanyin hali, ta kama roƙonsa.

"Ka karɓa mana, Baban yara. Albashi duk wata, ka dawo gida da sauran rana. Yarinyar nan fa ta kusa fara gaishe ka kamar baƙo."

"Lauyan kamfani?" in ji shi, ya taɓe baki. "In zauna ina duba takardun sayen kujeru har in yi furfura? Can albashi yana da iyaka. A ofis kuwa, ranar da sunana ya hau allo, ba mai ce mini ga inda zan tsaya."

"To yaushe zai hau?"

Ba da wata manufa ta tambaya ba, amma tambayar ta yi masa ciwo. Ya ƙi aikin kamfanin, ya ci gaba da jira, zuciyarsa kuwa kullum sai ƙara baƙi take.

Cikin waɗanda yake karewa akwai wani Alhaji mai tireloli, wanda ba wanda ya san yadda aka yi ya tashi daga yaron mota ya zama abin da ya zama. Wata rana sun fito daga kotu, Alhaji ya ga Barista yana tsaida tasi da fayil a hammata. Ya yi dariya ya buɗe masa ƙofar motarsa.

"Haba Barista, duk wannan ilimi a bayan tasi? Kai fa ka tsaya jiran rabo, wasu kuwa zuwa suke su ɗauko shi. In kana da zuciya, akwai inda zan kai ka."

Barista ya san abin da ake nufi sarai. Bai ce a'uzu billahi ba, cewa ya yi, "Yaushe?"

Da tsakar rana suka je, bayan gari, can ƙarshen filin da ake yanka matattun motoci. Alhaji ya nuna masa wani ɗakin kwano marar taga, ya ce shi a nan zai jira. A waje rana tana ƙona ƙeya, amma da Barista ya sa ƙafa ciki sai wani sanyi ya ratsa shi har ƙashi. An lulluɓe bangon da jan ƙyalle wanda hayaƙi ya mai da baƙi-baƙi. Daga rufi igiyoyi ne suke reto, an jera musu kwaɗuna masu tsatsa, kowanne a kulle, ba mabuɗi ko ɗaya. Wari kamar na mahauta bayan an tashi kasuwa. A tsakiyar ɗakin an binne wani tulu har wuya, an ɗaure bakinsa da fata, fatar kuwa tana ɗagawa tana sauka a hankali.

Bokan bai yi kama da abin da Barista ya zata ba. Siririn mutum ne da farar riga tas, muryarsa ƙasa-ƙasa, sai dai ba ya ƙifta ido.

"Ka zo da hular aikinka?"

Barista ya fito da hular gashin daga jaka.

"Me kake so?"

"Ina so in buɗe baki a kotu kada a iya musa mini. Ina so masu kuɗi su yi layi a ƙofata."

"Ƙaramin abu ne. Zai hau harshenka." Boka ya nuna tulun da haɓa. "Amma yana ci."

"Me yake ci?"

"Mutum. Duk wanda ya kawo maka kukan kansa, ka ba shi shawara, ya karɓa, ya shiga garkensa. Daga cikinsu yake zaɓa."

Wani da ya ji haka da ya fita a guje ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Barista gyara zama ya yi, don ya ga an zo fagen da ya iya, wato ciniki.

"Mutum nawa a shekara?"

"Gwargwadon yunwarsa."

"Wannan ba magana ba ce. A sa iyaka."

"Ba a sa masa."

"To a cire iyalina. Mahaifiyata, matata, 'yata, ƙanena."

Bokan ya yi murmushi, haƙoransa ƙanana. "Bai san dangi ba, Barista. Wanda ya zauna gabanka ya sani. In ba ka so ya san su, kada ka zaunar da su."

Barista ya kama lissafi. Mutanen da suke ratsa ofis a shekara ba su ƙirguwa, yawancinsu ko fuskarsu ba ya riƙewa. In an zari ɗaya ko biyu cikin wannan taro, wa zai lura? Mutane dama mutuwa suke yi. Iyalinsa kuwa, yaushe ma yake ganinsu balle su kawo masa kuka? Ya ɗaga kai ya ce ya yarda.

Boka ya kwance fatar, ya kifa hular gashin a bakin tulun. Ya sa Barista ya durƙusa ya zaro harshe, ya soke shi da wata doguwar ƙaya, jini ya ɗiga kan hular ya nutse. Sannan ya ce, "Faɗa masa abin da kake faɗa wa mai shigowa ofishinka."

Barista ya sunkuya, bakinsa cike da gishirin jini, ya ce, "Zauna. Me ke tafe da kai?"

Daga cikin tulun wata murya ta maimaita, "Zauna. Me ke tafe da kai?" Muryarsa ce, ba ta kowa ba. Da aka miƙo masa hular sai ya ji ta da danshi, kuma tun daga ranar ba ta sake bushewa ba.

Abin ya ci, ba ƙarya. Shari'ar da kowa ya yanke ƙauna a kanta, Barista ya miƙe ya yi magana, lauyan ɗaya ɓangaren ya kama in'ina kamar ɗan firamare. Labari ya bazu. Manyan 'yan kasuwa suka fara shigowa suna cewa su wancan matashin suke so, ba Oga ba. Ba a daɗe ba aka kira mai fenti, sunan Barista ya hau allo. Aka sayi mota, aka sayi wata, aka kai Inna, mahaifiyarsa, asibitin da ake ba mutum ɗaki shi kaɗai, aka sa 'yar a makarantar kwana ta 'ya'yan manya. Masu ce masa "kai" a da suka koma "ranka ya daɗe".

Alhaji mai tireloli shi aka fara ɗauka. Muryarsa ce ta dishe, aka ce mura ce. Ta ci gaba da shigewa ciki har ya koma magana da hannu, likitoci suka duba maƙogwaro ba su ga komai ba, wata safiya aka tarar da shi a zaune bakinsa buɗe. Bayansa sai wata gwauruwa da Barista ya ƙwato wa shagon mijinta. Sai wani matashin akawu da aka kora daga aiki ba bisa ƙa'ida ba, ya ci shari'arsa, bai ci kuɗin ba. Duk hanya ɗaya suka bi, murya ta fara tafiya, mai ita ya bi ta. Barista yakan je gaisuwa da farar riga, ya ajiye ambulan mai kauri, ya ce Allah ya jiƙan rai. Wallahi ya san abin da ya kashe su, kuma haka yake komawa ofis ya ce wa na gaba ya zauna.

A gida kuwa ya kafa doka. Duk wanda ya taso da wata matsala, kafin ya kai ƙarshen jimla Barista ya ɗaga hannu. "Ba na aiki a gida. Je ka ofis, zan haɗa ka da wani." Dangi suka ce kuɗi sun sa masa girman kai. Bai damu ba, gara su zage shi.

Shekaru suka tafi, gawawwaki suka fara yi masa nauyi. Ba tausayi ba ne, kada ku yi masa wannan zaton. Tsoro ne, don ya fara jin masinjoji suna ƙus-ƙus cewa fayil ɗin Barista ba ya rufuwa sai da likkafani. Daidai lokacin wani katafaren kamfanin gine-gine ya aiko masa, suna neman shugaban sashen shari'a. Gida na kamfani, direba, hannun jari, albashin da ko shi sai da ya sake karantawa.

Yana zaune da takardar a hannu sai wata dabara ta faɗo masa, har ya yi dariya shi kaɗai. Lauyan cikin gida mutum ɗaya yake karewa, wato kamfani. A wurin doka kamfani mutum ne, yana ƙara, ana ƙararsa, yana mallakar dukiya. Amma ba shi da maƙogwaro, ba shi da jini. Manajojin da za su zo wurinsa kuwa kukan kamfani za su kawo, ba na kansu ba. Ke nan harshen yana nan, arziki yana nan, abin cikin tulu kuma ya je ya ci siminti. Bai koma ya tambayi boka ba. Wane lauya ne zai ga ɓaraka a yarjejeniya ya je ya nuna wa ɗaya ɓangaren?

Oga, wanda tsufa ya fara rusunar da shi, ya kira shi ya rufe ƙofa.

"Ɗana, fita ba wuya, dawowa ce aiki. Mutanen nan da suke layi dominka, kana juya baya za su sami wani. Ranar da ka so dawowa, tambayar farko da za a yi maka ita ce da wa ka zo, wato masu shari'a nawa suka biyo ka. Ka yi tunani."

"Na gama tunani, Oga."

Matarsa har da hawayen murna. Abin da ta roƙa tun suna gidan haya, yau ga shi ya zo.

A kamfani ya yi taka-tsantsan. Duk shawara a rubuce, da sunan kamfani. In ma'aikaci ya raɓo da maganar gado ko rikicin maƙwabci, sai ya ce, "Ni lauyan kamfani ne, ba naka ba." Hular gashin ya jefa ta can ƙasan kabad, tunda ba ya zuwa kotu. Ya riƙa bin labarin mutanensa na da a ɓoye. Wata ya wuce, wani ya bi, ba wanda ya ko yi tari. Shekara ta zagayo shiru. Barista ya tabbata ya kayar da aljani a shari'a, har tafiyarsa ta canza.

Ga kuma abin da aikin kamfani yake ba mutum wanda ofis ba ya bayarwa: lokaci. Yana dawowa gida da sauran rana. Ranar hutu yana zaune a baranda da jallabiya, ƙafa kan kujera. Mutumin da yake zaune kuwa, dole a zauna kusa da shi. Ƙanensa mai shagon magani ya zo wata Asabar, ya yi ta kewaye-kewaye.

"Yaya, na san ba ka so, amma mutumin da ya ba ni hayar shagon nan zai kashe ni. Ya karɓi kuɗin shekara, yanzu wai in tashi ɗansa zai zuba kaya."

Barista ya ji tsohuwar dokar ta taso masa, ya danne ta. Ai an gama wannan. "Kawo takardar hayar in gani, sakarai. Kai da yayanka lauya kake kwana da wannan?"

Ya warware masa ita kafin shayi ya huce. Inna da ta ji ɗanta ya sauko, ta kawo maganar filin marigayi mahaifinsu da kawunsu ya danne. Matarsa ta kawo ta ƙarin girman da aka hana ta a makaranta. Kowa ya samu amsa, kowa ya yi godiya. Gidan bai taɓa daɗi irin na waɗannan watanni ba. 'Yar ce kawai ba ta samu rabonta ba, don ta shiga jami'a a wani gari.

Wata safiya ƙanen ya kira shi a waya. "Yaya, an bar mini shagon," in ji shi, muryarsa tana karcewa kamar ana jan buhu a siminti. "Ka yi haƙuri, mura ce ta kama ni."

Barista ya tashi ya buɗe kabad. Kayan da suke kan hular duk sun jiƙe sharkaf, warin ɗakin nan na bayan gari ya bugi hancinsa.

Ko direba bai jira ba. Ya tarar da boka a zaune inda ya bar shi, kamar bai taɓa motsawa ba, fatar tulun kuwa tana harbawa da sauri.

"Mun yi da kai wanda nake karewa!" Barista ya faɗa yana haki. "Kamfani nake karewa yanzu!"

"To kawo kamfanin in ga wuyansa." Boka ko ɗaga murya bai yi ba. "A da garke ka ba shi, yana zaɓa a hankali. Ka watsar da garken, ka bar shi da yunwa shekara guda, sannan ka zaunar masa da mutum uku."

"A warware. Ko nawa ne."

"Ba ya cin kuɗi. Ka cika masa gabansa da wasu, wataƙila ya shagala."

Ko a nan Barista bai ce ya tuba ba. Abin da ya fita nema shi ne 'ya'yan wasu da zai tura a madadin nasa. Ya koma tsohon ofis, ya tarar Oga ya yi ritaya, an goge sunansa daga allo, yaran da ya koya wa aiki suka ba shi lemo suka ce za su neme shi. Ya zaga sauran ofisoshi. Ko'ina tambayar nan ce, da wa ka zo? Ba shi da kowa. Waɗanda suka san ƙus-ƙus ɗin da kuwa ko hannu ba su ba shi ba.

Aka binne ƙanen. Barista ya koma kamfani ya fara tare masu shara da direbobi a lungu, yana jan hannunsu. "Ba ka da wata matsala? Gado? Haya? Faɗa mini, kyauta ne." Mutumin da jiya yake korarsu, yau yana roƙonsu da jajayen idanu. Suka tsorata, suka kai ƙara sama. Da ya kulle wata mai shara a ofis ya ce ba za ta fita ba sai ta faɗi damuwarta, a ranar aka karɓe mabuɗan mota aka raka shi bakin ƙofa.

Inna ta bi ƙanen, tana nuna Barista da yatsa tana motsa baki ba sauti. Matarsa kuwa abin bai kashe ta ba, wasa ya yi da ita. Muryarta ta tafi, hankalinta ya bi. Takan zauna gaban bango da alli tana koyar da yaran da ba su nan, in ta gaji ta kama yaƙushin wuyanta har sai an ɗaure mata hannu. Dukiya ta narke a asibitoci da gidajen masu magani. 'Yar ta bar jami'a ta dawo jinyar uwarta.

Ita kaɗai ta rage masa, kuma ita kaɗai ce bai taɓa ba shawara ba. Don haka ya toshe kunnuwansa da auduga. In ta shigo ɗaki ya fita. In ta ce "Baba" ya daka mata tsawa. Yarinyar ta ɗauka tsanarta yake yi, takan shiga bayi ta yi kukanta ta wanke fuska. Shi kuma kullum da safe sai ya sa tsohuwar baƙar rigarsa ta lauyoyi, ya ɗauki tebur da benci ya kafa a ƙofar kotu, yana kiran masu wucewa. "Shawara kyauta! Zo ka zauna!" Mutane suna ratsewa ta ɗaya gefen titi. Bencin nan ko kuda ba ya sauka a kansa.

Wata rana da hantsi ya hango wani baƙauye da takardu a leda yana dube-dube, alamar bai san gari ba. Barista ya zare audugar da sauri ya yafuto shi. Mutumin ya nufo, sai wani mai sayar da ruwa ya raɗa masa magana, ya juya da sauri. Barista ya kifa kai a tebur. Bai ji zuwan 'yarsa ba, sai ƙarar benci da aka zauna.

"Baba, ba wani abu na zo nema ba, abinci na kawo maka." Ta ajiye kwanon, ta rame har wuyanta ya fito. Ba shi take kallo ba, titi take kallo, kamar mai magana da kanta. "Mutanen kamfani sun zo. Wai gobe za su fitar mana da kaya, gidansu ne. Na ce su dubi halin da Mama take ciki, suka ce ba ruwansu. Ban san inda zan kai ta ba, Baba. Wallahi ban sani ba."

"Ƙarya suke!" Bakinsa ne ya riga shi. "Ba umarnin kotu, ba mai taɓa miki ko cokali. Ki shiga nan ciki wurin magatakarda, ki ce kina neman a dakatar da su, ki faɗi rashin lafiyar uwarki. In sun zo gobe ki ce su nuna takardar alƙali. Ba su da ita."

Ya yi maganar tiryan-tiryan, kafaɗarsa a miƙe, kamar Baristan da. Yarinyar ta juyo tana kallonsa, fuskarta ta washe. Rabon da ubanta ya yi mata magana irin ta mutane har ta manta.

"Na gode, Baba. Haka zan yi."

Sai a lokacin ya ji abin da ya faɗa. Ya zabura, tebur ya kife, ya kama gefen mayafinta. "Kada ki yi! Ƙarya na faɗa miki! Ban san doka ba, ban san komai ba! Ki ce ba ki karɓa ba!"

Ta ɗauka kansa ne ya taɓu. Ta zare hannunsa a hankali, ta ce ya ci abincinsa kada ya huce, ta haye matakalar kotu. Shawarar ta yi aiki, ba a fitar da su ba. Yarinyar ba ta ga ƙarshen watan ba.

Barista bai mutu ba, kuma wannan ne mafi munin abin da aka yi masa. Ranar da aka dawo daga maƙabarta ya ciji harshensa har ya rabu, amma bai mutu ba. Dangin matar suka zo suka ɗauke ta, kamfani ya karɓi gidansa, shi kuma yana nan yana yawo a bakin titi, yana tare mutane yana gurnani.

To, kai mai sauraro, in kana da sana'a ka riƙe ta da haƙuri. In zama a ofis ya fi maka ka zauna, in kamfani ya fi maka ka tafi, duk halal ne, kuma ba wanda jinkirin arziki ya taɓa kashewa. Amma ranar da kwaɗayi ya kai ka inda ake biya da ran mutum, kada ka ce na wasu za ka bayar, kada kuma ka ce kana da wayon da zai fid da kai. Barista ya fi ka wayo, kuma da bakinsa ya miƙa 'yarsa.